Giɓin Awa Goma: Yadda Inshorar Iyalin Wani Kafinta Ta Yanke a Amurka

Mutumin da tsarin da yake ciki

Kafinta ne, amma ba irin mai yin kujeru da gadaje ba. Aikinsa haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki a manyan gine-gine da gadoji. Haifaffen wani zango ne a Kumasi, ya haura shekara arba'in da biyar, yana zaune a wani birni na arewacin Amurka inda sanyin hunturu kan tsayar da zubin kankare na makonni. Ya shiga ƙungiyar ƙwadago a 2016. Maiɗakinsa ta iso a 2021 da 'ya'yansu biyu. Tana da ciwon sukari, kullum sai ta yi allurar insulin. Ni aikin lissafi nake yi a wani ofis, shi ya sa 'yan'uwa kan tare ni da takardunsu bayan sallar Juma'a in duba musu. Ta nan na shiga maganar, kuma da izininsa nake rubuta ta, ba suna ba gari.

Mai aikin gini ba shi da ubangida ɗaya. A shekara guda yana iya yi wa 'yan kwangila huɗu ko biyar aiki, kowanne da zarar gininsa ya kammala sai ya sallami mutane. Da inshorar lafiya a hannun kamfani take, da kowace sallama sai ta yanke. Saboda haka ƙungiyoyi da 'yan kwangila suka kafa asusu na haɗin gwiwa. Duk awa ɗaya da ma'aikaci ya yi, kamfanin da ya ɗauke shi zai zuba wani adadi a asusun, ban da albashinsa. Dokar Taft-Hartley ta 1947 ce ta shimfiɗa ƙa'idar irin wannan asusu: kuɗin amana ne, ba ya shiga aljihun ƙungiya, kuma kwamitin amintattu ne ke riƙe da shi, rabinsu daga ɓangaren ma'aikata, rabi daga ɓangaren kamfanoni. Dokar ERISA ta 1974 ta zo ta ƙara sharuɗɗa a kan yadda za a tafiyar da shi da yadda wanda aka hana haƙƙinsa zai kai koke.

Kowane asusu da nasa lissafin. Na ma'aikatan bayan fage a masana'antar fim ta Hollywood, alal misali, yana neman awa 600 kafin mutum ya shiga, sannan awa 400 a kowane wata shida, shi ya sa yajin aikin marubuta da 'yan wasa na 2023 ya girgiza masu kyamara da masu fitila waɗanda ba su ma cikin yajin. Asusun kafintanmu na wata-wata ne. Inshorar wata ɗaya tana cin awa 130. Awannin da ya yi a wannan wata ba na wannan watan ba ne, na wata biyu ne a gaba: aikin Janairu ke sayen inshorar Maris, don sai kamfani ya aiko da rahoto da kuɗi, ofis ya shigar. Abin da ya haura 130 ana ajiye masa a wani rumbu na awanni, amma rumbun ba ya ɗaukar fiye da awa 390, wato tanadin wata uku. Idan wata ya zo awanni da rumbu ba su kai ba, za a aiko masa da wasiƙa ya cike giɓin daga aljihunsa, dala 11 a kowace awa, kafin ranar 20 ga watan da ke gabanin wanda ake magana a kai.

Duk wannan yana cikin wani littafi mai shafi sama da ɗari da aka ba shi a 2016. Bai taɓa buɗe shi ba. Abin da ya riƙe a kai shi ne rumbunsa a cike yake.

Yuli zuwa Oktoba 2023: lokacin wadata

Gaskiyarsa ne a lokacin. Tun watan Yuni rumbun ya kai 390. A Yuli ya yi awa 188, a Agusta 204, a Satumba 176, har da Asabar-Asabar. Rarar waɗannan watanni uku, awa 178, ba ta sami wurin zama ba. Kamfani ya biya kuɗinta, kusan dala 1,960, ta shige cikin kuɗin jama'a. Kuma a wannan asusu awar ƙarin lokaci awa ɗaya ce a lissafi, ko da an biya shi albashinta ninki ɗaya da rabi.

Babban ginin ya ƙare ranar Juma'a 20 ga Oktoba. Awanninsa na watan 120. Aka ɗebi 10 daga rumbu aka cike masa Disamba, saura 380.

Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: lissafi biyu

Daga nan lissafin da ke kansa da wanda ke kwamfutar asusu suka rabu, ba tare da kowa ya sani ba.

A Nuwamba wani ƙaramin ɗan kwangila ya ɗauke shi, kwana uku a mako har mako huɗu, awa 96. Makonni uku na farko an biya shi da cak haɗe da takardar albashi. Mako na huɗu mai kamfanin ya ce na'urar buga takardu ta samu matsala, ya ƙirga masa tsabar kuɗi a wurin ajiye motoci. Albashi dai ya fito cif. Abin da bai fito ba shi ne kuɗin asusu: kamfanin bai aika rahoto ba, bai aika ko sisi ba. A wurin kafinta Nuwamba awa 96 ce. A wurin asusu sifili ce, don haka aka zare 130 gaba ɗaya daga rumbu don Janairu. Saura 250.

A Disamba aiki ya yi ƙaranci a gida, sai wani abokinsa ya samo masa aikin mako uku a jihar maƙwabta, awa 112. Can yankin wani reshe ne na ƙungiyar, kuma reshen da nasa asusun lafiya daban. Kamfanin can ya biya kuɗinsa daidai, amma cikin asusun can. Akwai yarjejeniya tsakanin asusun biyu cewa kuɗi zai bi mai shi gida, sai dai ba ya tafiya da kansa, sai ma'aikaci ya sa hannu a wani fom mai shafi ɗaya. Ba wanda ya miƙo masa fom ɗin, shi ma bai san da shi ba. Disamba ma ta zama sifili. Aka biya Fabrairu daga rumbu, saura 120.

Ranar 8 ga Janairu aka kira shi daga gida cewa mahaifinsa ya rasu. Ya tafi Kumasi, ya zauna har bayan sadakar arba'in, ya dawo a makon ƙarshe na Fabrairu. Janairu da Fabrairu ba aiki. Kafin ya hau jirgi ya yi lissafinsa a bayan ambulan, ya nuna wa maiɗakinsa: bayan Fabrairu akwai saura 328, Maris zai ci 130, Afrilu zai ci 130, har da ragowa. Lissafin ba kuskure a cikinsa, in da kuɗin sun isa inda ya zata sun isa.

A ofishin asusu kuwa, Maris na neman 130, rumbu na da 120. Giɓin awa goma, dala 110. A farkon Fabrairu suka aika wasiƙa cewa a biya kafin 20 ga wata. Wasiƙar ta tafi gidan da iyalin suka tashi tun Agustan 2023. Ya canza adireshi, ya je da ƙafarsa ofishin reshe ya cike takarda, kuma tun daga nan jaridar ƙungiya na zuwa masa sabon gida. Amma ofishin reshe daban, ofishin asusu daban, kowanne da rijistarsa, duk da cewa bene ɗaya suke, wannan a hawa na farko, wancan a na uku. Ranar Alhamis 29 ga Fabrairu inshorar mutum huɗu ta yanke.

4 zuwa 19 ga Maris: kantin magani, sannan asibiti

Ranar Litinin 4 ga Maris maiɗakinsa ta je karɓar magungunanta na wata. Yarinyar kantin ta shigar da lambar katin sau biyu, ta juyo da fuskar kwamfutar ta nuna mata. Abin da ta saba biya bai kai dala 40 ba. Yau insulin iri biyu da tsinken gwajin jini da ƙwayar hawan jini sun haura dala 400. Ta karɓi abin da kuɗin jakarta ya isa, ta koma gida.

Abu na farko da kafinta ya yi shi ne abin da yawancinmu za mu yi: ya nufi ofishin reshe ransa a ɓace. Shekara takwas yana biyan kuɗin ƙungiya. Wakilin reshen ya saurare shi, ya ce katin zama memba lafiya lau yake, amma shi ba shi da ikon taɓa rijistar inshora, ya hau sama. A sama wata ma'aikaciya ta buga masa takarda mai layi shida, wata-wata, da sifili biyu a gaban Nuwamba da Disamba. Ya zaro dala 110 ya ajiye a kan kanta. Ta ce wa'adi ya wuce da mako biyu, ita ba ta da hurumin karɓa, amma idan ya koma aiki a Maris, awanninsa da 120 ɗin da ke daskare a rumbu za su dawo da shi ranar 1 ga Mayu. Ta gyara masa adireshi. Ba ta yi maganar koke ba, shi ma bai tambaya ba.

Abu na biyu, ya kira ƙaramin ɗan kwangilar. Sau uku ana ce masa kuɗin na hanya, daga baya aka daina ɗaga wayar.

Ya samu aiki ranar 11 ga Maris, ranar da aka fara azumi. Shi da maiɗakinsa suka yanke shawarar su lallaɓa zuwa Mayu. Abin da bai sani ba shi ne yadda ita ta fassara lallaɓawar: ta raba allurar dare biyu don kwalbar ta kai ta ƙarshen wata. Ranar Lahadi 17 ga Maris, bayan an sha ruwa, 'yarta ta same ta a kicin tana amai, ba ta gane mutane sosai. A sashen gaggawa sukarinta ya haura 500. Aka kwantar da ita kwana biyu. Ranar sallama ne mai harhaɗa magani na asibitin ya gaya musu cewa kamfanoni irin su Eli Lilly da Sanofi suna da tsarin da marar inshora ke samun insulin ɗinsu a dala 35 a wata. Tsarin yana nan tun kafin 4 ga Maris. Rashin sani ya fi dare duhu.

22 ga Maris: takardu a kan tabarma

Bayan Juma'a ya ja ni gefe a bayan masallaci da wata leda cike da takardu.

"Ƙanena, duba mini nan. Sun ce Mayu. To wannan na asibiti fa, wa zai biya?"

Asibitin ya ba su ƙiyasin dala 18,400.

"Yaya, Nuwamba da Disamba ka yi aiki ko ba ka yi ba?"

"Wallahi na yi. Ga hannuna."

"Hannu ba za su karɓa ba. Takardar albashi nake tambaya."

Muka fita wurin motarsa. A aljihun gaban mota, ƙarƙashin safar hannu da rasidan mai, muka tsinci uku daga cikin takardun Nuwamba, ɗaya da tabon shayi amma ana iya karanta ta: sunan kamfani, lambar wurin aiki, awa 24 kowacce. Na Disamba suna cikin wayarsa, don kamfanin can ta intanet yake aikawa. Mako na huɗu na Nuwamba, wanda aka biya shi a hannu, ba wata shaida.

A daren na karanta littafin nan mai shafi ɗari da wani abu. Nasa tsoho ne, sai muka rubuta wasiƙa muka nemi sabo da cikakken tarihin awanninsa. Doka ta ba asusu kwana 30 ya bayar da takardun tsari idan aka nema a rubuce, in ya ƙi kotu na iya cin sa tarar da ta kai dala 110 a kowace rana. Na yi dariya da na ga adadin. Ba a kai ga nan ba, cikin mako guda suka aiko.

Ƙofofin da muka ƙwanƙwasa suka ƙi buɗuwa

Kasuwar inshora da dokar lafiya ta 2010 ta kafa tana ba wanda ya rasa inshorarsa kwana 60 ya sayi wata. Amma tana fara aiki ne ranar ɗaya ga watan da ke biye da rijista, ba ta waiwayen baya. Da za ta rufe Afrilu, amma kwanciyar 17 ga Maris ba ruwanta da ita. Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, tana iya waiwaye a jihohi da yawa, sai dai dokar 1996 ta sa yawancin masu girin kad, wato katin zaman dindindin, su jira shekara biyar kafin su cancanta, maiɗakinsa kuma shekararta uku. Yaran dai sun shiga shirin jiha na yara. Asibitin ba na neman riba ba ne, doka ta wajabta wa irinsa ya kasance da tsarin sassauci ga marasa hali, muka cike fom ɗin. Bai rage ko dala ɗaya ba tukuna, amma ya sa suka dakatar da wasiƙun neman biya har a duba.

Saura COBRA. Wannan doka ce da aka sa wa hannu a 1986, wadda ke ba wanda ya rasa inshorar wurin aiki saboda sallama ko raguwar awanni damar ci gaba da ita har wata 18, idan zai biya dukkan kuɗin da kansa da ƙarin kashi 2 cikin ɗari. Tun ranar farko abokan aikinsa suka ce masa ya manta da ita, ta masu kuɗi ce. Ba su yi ƙarya ba: na iyali a asusunsa dala 1,780 ne a wata. Ba ma tsada ya yi ba in aka auna da ƙasar, don binciken da KFF, cibiyar nazarin harkokin lafiya, ta yi a 2023 ya nuna matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wurin aiki dala 23,968 ne a shekara. Wata biyu zai ci dala 3,560, ga mutumin da ya dawo daga jana'iza aljihu a bushe.

26 ga Maris zuwa 5 ga Afrilu: fom da koke

Ranar 26 ga Maris ya sa hannu a fom ɗin mayar da kuɗi gida. Asusun jihar maƙwabta yana yarda a waiwayi wata shida, Disamba na ciki. Sai dai kamfanonin can dala 8.80 suke zubawa a awa, na gida 11. Kuɗi ake turowa, ba awanni ba, sai asusun gida ya raba da farashinsa. Awa 112 ta koma 89.

Ranar 29 ga Maris asusu ya ƙi biyan kuɗin asibiti a rubuce, dalili: ba inshora a ranar. Kafinta ya ɗauki wasiƙar a matsayin ƙarshen magana. Ni kuwa ita nake jira, don ƙin biya a rubuce shi ke buɗe ƙofar koke. ERISA ta ba mutum aƙalla kwana 180 ya ɗaukaka magana zuwa ga amintattu. Amma akwai wani ƙulli da ya sa ba mu yi nawa ba. Asusun da amintattunsa ke zama duk wata uku yana da damar ya ajiye koke zuwa zama na gaba, kuma idan koken ya iso cikin kwana 30 kafin zaman, ana iya tura shi zuwa na bayansa. Zama na gaba 14 ga Mayu ne. Idan muka wuce tsakiyar Afrilu, sai Agusta.

Koken shafi biyu ne. Ba mu rubuta shekarun da ya yi yana bauta wa ƙungiya ba, ko da yake ya so a saka. Mun jera watanni shida a jadawali, gefe ɗaya abin da asusu ya gani, gefe ɗaya abin da takardu suka nuna. Mun kawo sashen littafin da ya ce amintattu na iya lissafa wa ma'aikaci awannin da kamfani bai biya ba idan ya kawo takardun albashi. Mun nemi awa 72 kawai, muka bar 24 ɗin da ba shaida, don kada a sami abin kamawa. Mun roƙi a mayar da kowace awa watan da aka yi ta, domin ƙa'idar ofis ita ce awar da ta makara ana zuba ta a rumbu ranar da ta iso, ba ta buɗe watan da ya riga ya rufe sai amintattu sun ce a buɗe. Wakilin reshen, wanda ya ce ba shi da iko a kan rijista, ya yi amfani a nan: ya rubuta wasiƙa cewa reshe ne ya tura kafinta wurin wancan ɗan kwangila, ya haɗa da kwafin takardar canjin adireshi ta Agusta. Ranar 5 ga Afrilu muka kai da hannu, aka buga mana hatimi a kwafinmu.

3 ga Mayu: igiyar tsaro

Ranar 1 ga Mayu katin ya dawo aiki kamar yadda ma'aikaciyar ta faɗa, don ya yi awa 88 a Maris. Maris da Afrilu dai na nan ba inshora, da dala 18,400 a ciki.

Wasiƙar COBRA tana ɗauke da kwanan wata 8 ga Maris, ita ma ta fara zuwa tsohon gida kafin a sake aiko ta. Wa'adin zaɓa kwana 60 ne, zai cika 7 ga Mayu, mako guda kafin amintattu su zauna. Idan muka jira hukuncinsu kuma suka ƙi, an yi biyu babu.

Abubuwa uku a dokar suka warware mana. Wanda ya zaɓi COBRA, inshorarsa na komawa baya zuwa ranar da ta yanke. Kowane mutum a cikin iyali yana da haƙƙin zaɓa shi kaɗai, ba dole sai gida duka ba, kuma na mutum ɗaya a wannan asusu dala 690 ne. Sannan bayan an zaɓa akwai kwana 45 kafin biyan farko. Ranar 3 ga Mayu maiɗakinsa ta sa hannu da sunanta ita kaɗai, ba ta biya komai ba. Wa'adin biya ya koma 17 ga Yuni. Idan koke ya faɗi, dala 1,380 za ta rufe mata Maris da Afrilu har da asibiti. Idan ya yi nasara, sai a bar takardar ta mutu da kanta.

Da na gama yi mata bayani ta dube ni ta ce, "Yanzu ƙanena, da ma tun a Maris ana iya yin wannan?" Na ce ana iyawa, Yaya. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Kuɗin jihar maƙwabta ya iso 6 ga Mayu.

14 ga Mayu da abin da ya biyo baya

Amintattu sun amince da awa 72 ta Nuwamba da 89 ta Disamba, kowacce a watanta. Aka sake lissafi daga farko: bayan Janairu saura 322, bayan Fabrairu 281, bayan Maris 151, bayan Afrilu 21. Maris da Afrilu suka samu inshora. Sai ga wani abin da ni kaina ban hango ba. Awannin da suka ɗauki Mayu a tsohon lissafi yanzu an cinye su a baya, Mayu ta rage da 88 da 21, giɓin awa 21. Aka aiko wasiƙa, wannan karon gidan da yake ciki, ya biya dala 231 washegari.

Asibiti ya sake tura takardarsa. A farashin da asusu ya daidaita da asibitoci, dala 18,400 ta koma 7,900, rabon kafinta a ciki 1,150, ya biya kashi-kashi. An mayar musu da wani ɓangare na kuɗin magungunan Maris da Afrilu, iya waɗanda suka ajiye rasidinsu. Awa 24 ta mako na huɗu ta tafi. Asusu ya tura masu binciken littattafai wurin ƙaramin ɗan kwangilar, don doka ta ba shi damar kai ƙara ya karɓi bashin da kuɗin ruwa da tara da kuɗin lauya, kuma binciken ya nuna ba kafintanmu kaɗai aka yi wa haka ba.

Hukunci

Asalin ɓarnar daga ɗan kwangilar Nuwamba take. Da ya biya, da ko fom ɗin Disamba ba a cike ba, Maris ba zai yanke ba. Kafinta na da nasa kason: ya karɓi kuɗi a hannu ba takarda, ya tsallaka jiha bai tambayi ina kuɗin lafiyarsa za su sauka ba, kuma wata huɗu bai leƙa rijistarsa ba alhali yana iya dubawa ta waya ko daga Kumasi. Batun adireshi kuwa ba na ɗora masa. Mutumin da ya shiga bene ya cike takarda yana da hujjar zaton benen ya ji.

Ofishin asusu bai karya doka ba ko sau ɗaya, kuma nan ne abin ya fi damuna. Kwamfutarsu ta ga mutumin da ya yi shekara bakwai yana kawo awanni ya koma sifili wata uku a jere, ba ta aika komai ba sai da rumbu ya gaza. Ma'aikaciyar da ta ƙi karɓar dala 110 ta faɗi gaskiya, amma da ta ƙara jimla biyu a kan koke da zaɓin mutum ɗaya a COBRA, da wataƙila ba a raba allura biyu ba. Iyakar rumbu tana da hujjarta, don rarar masu aiki da yawa ce ke ɗaukar nauyin marasa lafiya, kuma ba don rumbun ba da tun Disamba iyalin suke a waje. Duk da haka yana da wuya a gamsar da mutumin da ya bar awa 178 a damina cewa awa 10 ce ta kayar da shi a hunturu.

Abin da ya yi aiki bai wuce uku ba, kuma kowanne da dalilinsa. Takardun albashi sun yi aiki domin asusu kuɗi da takarda yake gani, ba gumi ba. Koken ya yi aiki domin an kai shi ga waɗanda ke da ikon buɗe watan da ya rufe, kuma an kai kafin 14 ga Afrilu. Sa hannun 3 ga Mayu bai biya ko sisi ba a ƙarshe, amma shi ya ba mu damar jiran hukunci ba tare da mun jingina dala 18,400 a kan ra'ayin kwamiti ba. Faɗa a ofishin reshe da kiran ɗan kwangila sun ci kwana goma sha takwas, kuma a cikinsu aka kwantar da maiɗakinsa.

A Disambar 2024 ya sake samun aiki a jihar maƙwabta. Ya turo mini hoton fom ɗin da sa hannunsa a ranar farko, da hoton wani gwangwanin biskit da takardun albashi suka koma ciki daga aljihun mota. Rumbunsa a lokacin awa 304 ne. Kuɗin fanshonsa na Nuwambar 2023, wanda shi ma ɗan kwangilar bai zuba ba, har zuwa wancan watan ba a gama karɓo shi ba.